An Ce In Koya wa Manhaja Aikina: Amsa ga Wani Ma'aikacin Otal a Makka

Wani ɗan'uwa da ke aiki a ɗaya daga cikin otal-otal na unguwar Misfala a Makka ya rubuto mana wasiƙa, ga kuma taƙaitaccen abin da ta ƙunsa:

"Assalamu alaikum. Shekarata 18 ina aiki a otal ɗin nan. Ni ke kula da ma'aikatan ɗakuna da masu tarbar ayarin alhazai, kuma duk yaron da aka ɗauka a hannuna yake koyon aiki. Bana kamfani ya kawo wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira domin horar da ma'aikata. Tana magana kamar baƙo, ma'aikaci ya amsa mata da baki, ita kuma ta ba shi maki. An ce kowa ya gwada, da na gwada sai ta ba ni makin da bai kai na yaran da na koya wa aiki bara ba. Yanzu mudir, wato manajan otal ɗin, ya ce in zauna in rubuta duk abin da na sani game da hidimar alhazan Najeriya da Nijar, a kuma naɗi muryata, domin a zuba a manhajar. Ni da iƙama, wato takardar izinin zaman baƙo, nake zaune, kuma ina da iyali. Ina ganin idan na ba su, sun gama da ni. Wasu abokaina sun ce in bayar da kaɗan in ɓoye sauran, wasu kuma sun ce in cakuɗa da kuskure domin manhajar ta ji kunya. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tsoron da kake ji yana da tushe, kuma ba zan raina maka hankali da cewa babu abin da zai canza ba, domin aikin koyar da sababbin ma'aikata yana canzawa a gabanmu, a Makka da sauran wurare. Sai dai shawarwari biyun da abokanka suka ba ka duka za su cutar da kai. Abin da nake gani shi ne ka bayar da ilimin da aka nema, cikakke kuma na gaskiya, amma ka nemi a rubuta maka a takarda cewa kai ne mai duba abin da manhajar ke koyarwa a ɓangarenka, kuma kai ne mai tabbatar da cewa yaro ya iya aiki kafin a sake shi ga baƙi.

Ya kamata ka fara sanin abin da aka kawo muku. Irin wannan manhaja an gina ta ne a kan ɗimbin rubuce-rubuce da maganganun mutane, kuma aikinta shi ne ta haɗa amsar da ta fi kama da abin da ta saba gani. Tana da amfani na gaske a wurin maimaici: yaro zai iya gwada yadda ake amsa wa baƙon da ya fusata sau ashirin a dare ɗaya, ba ta gajiya, shi ma ba ya jin nauyin yin kuskure a gabanta kamar yadda zai ji a gabanka. A shekarar 2023 wasu masana uku a Amurka, Erik Brynjolfsson da Danielle Li da Lindsey Raymond, sun fitar da bincike a kan ma'aikata sama da 5,000 masu amsa koke-koken abokan ciniki a wani kamfani da ya ba su mataimaki na ƙirƙirarriyar basira. Sun gano cewa yawan matsalolin da ma'aikaci ke warwarewa a cikin awa ɗaya ya ƙaru da kimanin kashi 14 cikin 100 idan aka haɗa kowa da kowa, amma ga sababbi da waɗanda ba su ƙware ba ƙarin ya wuce kashi 30 cikin 100, alhali tsofaffin ƙwararru kusan ba su ga wani canji ba. Dalilin da masanan suka kawo shi ne manhajar ta koyi salon ƙwararrun daga tsofaffin hirarrakinsu da abokan ciniki, sannan ta riƙa miƙa shi ga sababbi. Sun kuma ja hankali a kan cewa ƙwararrun da aka ɗebi wannan ilimi daga aikinsu ba a saba biyansu a kansa ba.

Wannan binciken ya taɓa lamarinka kai tsaye. Ya nuna cewa mudir bai yi kuskure ba da ya hango amfanin zuba iliminka a manhajar, domin yaran za su fi saurin kamawa. Ya kuma nuna cewa darajar manhajar a ɓangaren alhazanmu daga wurinka za ta fito, saboda haka kana da abin ciniki a hannunka, kuma lokacin yin cinikin shi ne yanzu, kafin ka miƙa rubutun.

Batun makin da ta ba ka, na lura shi ne ya fi sosa maka rai, kuma ina ganin bai kamata ka haɗiye shi shiru ba. Manhajar da ke ba da maki a kan magana tana fara mayar da murya rubutu ne, sannan ta auna rubutun da ma'aunin da aka sa mata. Idan ta yi kuskure a matakin farko, duk abin da ya biyo baya ya lalace. A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada na'urorin gane murya na manyan kamfanonin fasaha biyar, suka tarar suna kuskuren kimanin kalmomi 35 cikin 100 idan baƙaƙen fatar Amurka ke magana, amma kimanin 19 cikin 100 idan farare ne. Wancan da Ingilishi aka yi shi, amma dalilin bai keɓanta da harshe ɗaya ba: na'ura ta fi jin irin muryar da aka fi horar da ita a kai. Mutumin da ke Larabcin Hijaz da harshen Bahaushe, yana kuma sako Hausa idan ya ga baƙo bai gane ba, yana iya faɗin abin da ya fi dacewa a wurin amma na'ura ta rubuta wani abu daban. Akwai kuma yiwuwar ma'aunin da aka sa mata yana ba da maki ne ga wanda ya furta wasu jimloli da aka tsara a jere, wanda yaron da ya haddace su jiya zai fi ka kiyayewa, ko da kuwa bai taɓa kwantar da hankalin baƙo na gaske ba.

Saboda haka ka nemi abu biyu daga sashen ma'aikata, cikin ladabi kuma a rubuce: rubutun da manhajar ta fitar daga maganarka, da ma'aunin da take bi wajen ba da maki. Wannan ba alfarma kake roƙo ba. Dokar kare bayanan mutum ta Saudiyya, wadda ta fara aiki ranar 14 ga Satumba 2023 aka kuma ba kamfanoni shekara ɗaya su daidaita da ita, ta shafi duk mazaunin ƙasar, ɗan ƙasa da mai iƙama, kuma ta ba mutum haƙƙin sanin dalilin tattara bayanansa, da ganin su, da neman a gyara abin da ba daidai ba. Muryarka da makinka suna cikin bayananka. Hukumar SDAIA mai kula da bayanai da ƙirƙirarriyar basira a Saudiyya, wadda aka kafa a 2019 kuma ita ke sa ido a kan wannan doka, ta fitar da ƙa'idojin ɗa'a na amfani da ƙirƙirarriyar basira a 2023, kuma adalci da bayyana yadda na'ura ta kai ga hukuncinta suna cikin ginshiƙansu. Idan ka ga rubutun ya saɓa wa abin da ka faɗa, ka ba da shawarar a ɗauki wasu naɗaɗɗun amsoshi, naka da na wasu, a ba mutum biyu masu sanin aiki su saurara su ba da maki ba tare da sun ga na manhajar ba, sannan a kwatanta. Idan kuma ya bayyana cewa a wani wurin manhajar ce ke da gaskiya, misali akwai wata sabuwar ƙa'idar kashe gobara ko ta tsafta da ka daɗe ba ka sabunta ba, to ka karɓa ka gyara, domin hakan zai ƙara wa maganarka nauyi a sauran wuraren.

Maganar cakuɗa kuskure kuwa, ina roƙonka ka cire ta daga ranka gaba ɗaya. Wanda zai ɗanɗana kuɗar wannan kuskure shi ne dattijon da ya tara kuɗin kujera shekara da shekaru ya zo daga ƙauyen Sakkwato ko Damagaram, ya faɗa hannun yaron da aka koya wa abin da ba daidai ba. Aikin da kake yi amana ce ta baƙin Allah, kuma na san ka fi ni sanin haka. Ko ta fuskar doka ma hasara ce gare ka. Sashe na 80 na dokar ƙwadago ta Saudiyya ya ba mai kamfani damar sallamar ma'aikaci ba tare da sanarwa ko kuɗin sallama ba idan aka tabbatar da rashin gaskiya ko ɓarna da gangan, alhali sashe na 84 ya tanadar maka kuɗin sallama na rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, da cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. A shekara 18 wannan ya kama albashin wata goma sha biyar da rabi. Ɓoye rabin ilimin ma ba zai tsare ka ba, domin yaran da ka koyar sun san da yawa daga ciki, za a tattaro daga wurinsu ba tare da sunanka ba, sannan a riƙa kallonka a matsayin wanda ya ƙi ba da haɗin kai.

Yanzu ga abin da nake so ka fi mayar da hankali a kai, wato takardar da za ka kai wa mudir. Ka rubuta ta da Larabci mai sauƙi, shafi ɗaya ya isa, kuma ka gina ta a kan amfanin otal, domin da shi mudir zai auna ta. Ka nuna cewa ka amince za ka rubuta darussan kuma za a iya naɗar muryarka, amma a bayyana inda za a yi amfani da muryar, da tsawon lokacin da za a ajiye ta, da kuma ko za a ba wani kamfani na waje. Ka nemi duk darasin da manhajar ta tsara daga rubutunka ya biyo ta hannunka kafin ya isa ga ma'aikata, domin irin waɗannan manhajoji suna ƙaga abin da babu shi su faɗe shi da cikakken tabbaci, kuma wanda bai san aikin ba ba zai gane ba. Kana da hujja mai ƙarfi a nan. A watan Fabrairu 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta yanke hukunci cewa kamfanin jiragen sama na Air Canada ne ke da alhakin bayanin kuskure da manhajar hira ta shafinsa ta ba wani fasinja game da rangwamen tikiti, ta kuma umarce shi ya biya. Wancan hukuncin wata ƙasa ne, amma duk mai kamfani zai gane darasinsa: abin da manhaja ta koya wa ma'aikaci ko ta faɗa wa baƙo, a wuyan kamfani yake.

Sannan ka ba da shawarar a raba horon gida biyu. Abin da ake haddacewa, kamar tsarin gyaran ɗaki, da lambobin gaggawa, da jimlolin gaisuwa, da yadda ake rubuta rahoton kayan da baƙo ya manta, a bar wa manhaja, domin ta fi ka lokacin maimaita shi. Abin da sai an gani da ido kuwa, yaro ya bi ka a bakin aiki na wasu makonni, kuma kai za ka sa hannu cewa ya cancanta. Ka kawo masa misalai daga aikinka. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga lif ba za ta gwammace ta zauna a ƙasa har dare da ta ce tana jin tsoro. Dattijon da katin ƙofarsa ya daina aiki zai iya kwana a baranda saboda kunyar damun mutane. Mafi muhimmanci shi ne alhajin da zafi ya fara kayarwa, wanda idan aka tambaye shi zai ce lafiya lau, alhali leɓɓansa sun bushe, maganarsa ta fara rikicewa, kuma ya daina gumi. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma ministan lafiya na Saudiyya ya sanar da rasuwar mutum 1,301. Manhaja za ta iya koya wa yaro alamomin bugun zafi da lambar motar asibiti ta 997, kuma ya kamata ta koya masa, amma sanin cewa "lafiya lau" ɗin wannan dattijo ba ta isa a ƙyale shi ba, wannan a tsaye kusa da irinka ake koyonsa. Ka ƙara da cewa waɗannan manhajoji sun fi rauni a Hausa fiye da Larabci da Ingilishi, saboda rubutun Hausa da ke intanet kaɗan ne, balle karin harshen Sakkwato ko na Katsina ko na Nijar da tsofaffi ke yi, don haka duk abin da ta fitar da Hausa sai mai harshen ya duba.

A ƙarshen takardar ka nemi wannan sabon nauyi ya fito a bayanin aikinka, kuma idan zai yiwu a kwantiraginka da ke Qiwa, dandalin intanet na Ma'aikatar Ƙwadago ta Saudiyya, tare da alawus ko ƙarin matsayi. Mai yiwuwa ba za ka samu duka ba. Idan aka ce a zaɓi ɗaya, ni a ganina rubutaccen matsayin mai horarwa da mai dubawa ya fi kuɗin lokaci ɗaya, domin shi ne zai bi ka duk inda ka je.

Akwai wani haɗari da ban gani a wasiƙarka ba, amma ya zama dole in ambata tunda kai ke kula da yara. Da zarar ma'aikata sun saba da manhajar kamfani, sukan fara amfani da na kyauta da ke wayoyinsu, irin su ChatGPT, wajen fassara ko tsara jerin sunaye, kuma a nan ne wani zai ɗora hoton fasfo ɗin alhazai, ko jerin ɗakuna, ko takardar asibitin baƙo, ba tare da ya san ya fitar da bayanan daga hannun otal ba. Kamfanin Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a 2023 bayan wasu sun zuba bayanan sirrin kamfani a ciki. A Saudiyya bayanan lafiya suna cikin waɗanda doka ta ba kariya ta musamman, kuma tarar saɓa wa dokar tana iya kaiwa riyal miliyan 5. Ka sa wannan ya zama darasin farko da za ka rubuta, domin zai nuna wa mudir tun daga shafin farko cewa kana ganin abin da masu sayar da manhajar ba lallai su gaya masa ba.

Dole kuma in faɗa maka wata gaskiya da ba ta da daɗi. A matsayinka na mai iƙama, abin da ya fi iya taɓa kujerarka shi ne tsarin ba 'yan ƙasa fifiko a guraben aiki, wanda aka ƙarfafa da shirin Niɗaƙat tun 2011, kuma ɓangaren otal da yawon buɗe ido yana cikin waɗanda ake faɗaɗa shi a cikinsu. Wannan manufar gwamnati ce, da manhaja ko babu ita. Amma tana da fuskar da za ta amfane ka, domin dokar ƙwadago ta ɗora wa kamfanoni nauyin horar da ma'aikatansu 'yan Saudiyya, kuma otal ɗin da ke ɗaukar matasa da yawa a lokaci ɗaya yana bukatar wanda zai tsaya a kansu. Ka duba sana'ar da aka rubuta a iƙamarka ka tabbatar ta dace da aikin da kake yi, ka adana kwafin duk takardar yabo da duk darasin da ka rubuta wanda babu sirrin kamfani a ciki, ka kuma sani cewa sashe na 64 ya wajabta a ba ka takardar shaidar aiki kyauta idan kwantiragi ya ƙare.

Ita kanta manhajar, ka zauna da ita. Ka ware ɗan lokaci kullum bayan tashi aiki ka gwada ta da tambayoyin da ka riga ka san amsarsu, ka riƙa rubuta wuraren da ta yi daidai da waɗanda ta kauce a ɗan littafi, da kwanan wata. Idan wani maɓalli ya rikita ka, ka kira ɗaya daga cikin yaran ya nuna maka, domin wanda ka koya wa aiki zai ji daɗin a ce yau shi ma ya yi maka wani abu, kuma hakan zai rage nisan da nake jin ya fara shiga tsakaninku. Wannan littafin shi ne za ka ɗauka zuwa ofishin mudir tare da takardarka.

Ka zaɓi lokacin da otal bai cika ba, kafin cunkoson Umarar Ramadan, domin a lokacin cunkoso babu mudir da zai zauna ya karanta shafi guda. Idan ya amince da baki kawai, ka aika masa saƙon imel a ranar kana maimaita abin da kuka tattauna, domin ya zama akwai shaida. Idan kuma ya ƙi komai, ka rubuta darussan da gaskiya kamar yadda aikinka ya tanada, ka tsaya a kan haƙƙinka game da naɗar murya, sannan ka fara neman wani wurin a natse. Tun watan Maris 2021 an sassauta wa ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu sauya wurin aiki ta Qiwa bisa wasu sharuɗɗa, kuma kamfanonin da ke hidimar alhazan Afirka ta Yamma suna bukatar mai Hausa da Larabci wanda ya iya horar da mutane. Kafin ka sa hannu a kan kowace takardar ajiye aiki ko sauyi, ka kira layin Ma'aikatar Ƙwadago na 19911 ko ka ga lauya, domin a lissafa maka haƙƙinka daidai. Allah ya yi maka jagora.